Ƙashin Yaya Kyari da Shirun da Na Yi

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar mana Yaya Kyari da rai, ko da yake ba duka ya dawo mana da shi ba. Na zauna rubuta wannan ne saboda duk wanda yake da ɗan'uwa a gida, ya san yana shan abin da bai kamata ba, amma ya kama bakinsa. Ni na kama nawa shekara uku cur, kuma zan faɗi dalilin ko da ba zai yi mini kyau ba.

Sunana Modu. Mu biyu ne maza a wurin mahaifiyarmu Hajja, ni da Yaya Kyari, ya girme ni da shekara biyar. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana shagon hula a Yerwa, wato Maiduguri. Ga wanda bai san aikin ba, hula hannu uku take bi. Mai zane ya zana a kan farin yadi da biro, masu ɗinki su bi zanen da allura da zare na makonni, sannan mai wanki ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora a kan gungume ya buga. Yaya ne mai zane. Ni ne mai sabulu da kulki.

Kuma ya iya, wannan ba zan hana shi ba. Gwanintar mai zane tana bayan hula, inda zanen zai zagayo ya haɗu da kansa. Na Yaya haɗuwa yake yi har ka rasa inda ya fara. Hajja, da yake ta yi shekara talatin a gidan mai hula, duk hular da aka miƙa mata ba ta kallon gaba, juya ta take yi ta duba baya. In ta Yaya ce sai ta ce, "Hannun Kyari ke nan, Allah ya yi masa albarka." Ni kuwa da na wanke ta har fatar yatsuna ta yi fari, sai dai ta ce in matsar da bokitina daga hanya. Ni ma na iya zane, a ɓoye na koya a bayan takardun siminti. Sau ɗaya na nuna wa Baba, ya duba ya ce gida ɗaya ba ya buƙatar masu zane biyu. Tun daga nan kishin Yaya ya zauna mini a ƙirji, muka girma tare da shi.

Wata rana da azahar, lokacin zafin nan na Maiduguri da ko ƙadangare ba ya fita, ƙishirwa ta kama ni a shago. Na jawo gorar ruwan da Yaya yake ajiyewa a bayan tarin yadi na kurɓa. Kai! Maƙogwarona ya kama da wuta. Giya ce, irin mai ƙarfin nan ta ƙananan ledoji, yake juyewa a gora. Nan na gane dalilin kanumfarin da kullum yake taunawa, da turaren da yake zuba wa rigarsa kamar ango. A garin da kowa yake ƙamshi, wa zai tsaya ya tambayi mai ƙamshi abin da yake ɓoyewa? Na mayar da gorar inda take, na koma kan wankina.

In an tambaye ni a lokacin, zan ce rufin asiri ne, ƙane ba ya tona yayansa. To, da wannan a ciki. Amma gaskiyar da ke ƙasa ita ce daɗi na ji. Na ce a raina, yawwa, ga ɗan albarkar Hajja. Bari dai ta gani da idonta, ranar zan ga bakin da za ta yi yabo da shi. Jira na zauna yi, Allah ya yafe mini.

A shekaru ukun nan ina kallo abubuwa suka fara canjawa. Ya rage cin abinci, burabuskon da matarsa Yagana take aiko masa ni nake cinye rabi. Ya riƙa cewa tafin ƙafarsa na yi masa kamar tururuwa na tafiya a kai. Mai ɗinki za ta kawo aiki ya tsaya yana kallonta, sunanta ya ɓace masa, alhali shekara goma tana ɗinka mana. Sai kuma babbar alamar, zanensa ya daina haɗuwa a baya. Ni nake lura, domin ni nake juya kowace hula a kan gungume. Na kan gyara da ɗan zare kafin mai ita ya zo, ina gyarawa ina murmushi.

Ranar da abin ya faru, wallahi ba faɗuwar kirki ba ce. Saukowa yake daga dakalin shago, dakalin da bai kai gwiwar yaro ba, ƙafarsa ta gurɗe ya zauna daɓas. Na ce, "Yaya, tashi mana, mutane na kallo." Bai tashi ba. Ƙashin cinyarsa ne ya karye, can sama kusa da ƙugu, ga mutum mai shekara arba'in da shida.

Da farko gidan mai ɗori muka kwantar da shi a unguwar Bolori, domin Kawu Mala, ƙanen Hajja, ya ce asibiti ƙarfe za su sa masa ko su yanke ƙafar. Mai ɗorin ya ja, ya ɗaure da karare, Yaya ya yi ihun da ban taɓa ji ba. Kwana biyu da kwanciya wani sabon abu ya ɓullo. Gumi, karkarwa, ya riƙa kakkaɓe zanin gado wai kunamu na hawa kansa. Ya kalli Hajja ya kira ta da sunan kakarmu. Ni na yi zargin rashin gorar nan ce, domin tun da ya faɗi bai samu ya kurɓa ba. Daga baya likita ta gaya mini wannan halin kaɗai yana iya kashe mutum, a asibiti ake jinyarsa ba a gida ba. Amma a lokacin tsayawa na yi a bakin ƙofa ina kallo ana tofa masa addu'a.

Dangi suka cika gidan, ana ta wushe wushe, sannun Barebari, daga safe har la'asar, kowa da maganinsa. Wannan ta ce hayaƙi, wancan ya ce rubutu, wata ta kawo man shafawa a kwalbar da ba suna. Kawu Mala ne ya yanke hukunci. Ya ce, "Namiji ƙaƙƙarfa ya karye a dakali, sannan hankalinsa ya juya? Wannan hannun mutum ne. Kuma mai baƙin ciki da kai ba daga nesa yake zuwa ba." Bai kalle ni ba, amma duk ɗakin ya kalle ni a madadinsa.

Washegari na kawo kunun gyaɗa daga gidana, matata ta dama shi da kyau. Hajja ta karɓa ta ce an gode, ta tura shi ƙarƙashin gado. Da yamma na tarar da shi nan, ya yi sanyi, ƙuda na yawo a murfin. Uwar da ta haife ni tana tsoron abincin hannuna! Na fita bayan gida na yi kuka kamar yaro. Kuma ka ga yadda na ɗaure kaina da kaina, yanzu in na buɗe baki na ce giya ce, wa zai yarda? Za a ce ga shi nan, bayan sammu kuma ya koma ɓata suna.

Duk da haka ni nake jinyar. Ni nake ɗaga shi, ni nake juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ni nake zubar da abin da ba a faɗa. In Hajja ta shigo sai ta wuce ni kamar ginshiƙi, ta zauna a gefen kansa tana fifita tana cewa, "Kyarina, sannu, Kyarina." Shekarata arba'in da ɗaya, da 'ya'ya huɗu, amma wallahi na sha rayawa a zuciyata cewa da ni ne a kwance, ko rabin fifitar nan ba zan samu ba.

Karkarwar ta lafa bayan mako guda, aka ce rubutu ya yi aiki. Ƙashi kuwa ko gezau. Mako na uku, na huɗu, na biyar, in an kwance ɗaurin ƙafar tana nan yadda take. Allah ya saka wa mai ɗorin nan da alheri, dattijo ne mai tsoron Allah. Ya kira mu gefe ya ce, "Na ɗora ƙashin tsoho ɗan tamanin ya kama. Wannan a hannuna kamar rake da aka tsotse yake. Ba aikina ba ne, ku kai shi asibiti." Kawu ya so ya yi gardama, dattijon ya juya ya kama wani majinyacin.

Mako na shida muka shiga asibiti. Layin kati daban, layin hoton ƙashi daban, layin ganin likita daban, duk Yaya yana kwance a kan gadon turawa yana nishi, ni ina yi masa inuwa da jarida. Ranar farko har aka tashi ba a kira mu ba. Na yi faɗa da wani ma'aikaci da ya shigar da nasa a gabanmu, har aka ce za a fitar da ni. Rana ta biyu muka samu shiga wurin wata likita, siririya mai gilashi, ba ta da yawan dariya. Ta ɗaga hoton ta daɗe tana kallo, ta tambayi shekarunsa sau biyu. Ta sa shi ya riƙe sunayen abu uku, bayan ɗan lokaci ta tambaye shi, ko ɗaya bai tuna ba. Sai ta ce, "Ku yi haƙuri da tambayata. Yana shan giya?"

Hajja ta gyara lafayarta ta ce, "A'uzubillahi! 'Yar nan, kin san ɗan waye wannan? Sahun farko yake salla."

Likita ta juyo kaina. "Kai ne kuke wuni tare a shago?"

Na ce ni ne.

"To?"

Na kalli siminti na ce, "Ban sani ba."

Ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ce a ba shi gado, a ɗebi jini. Ɗaya daga gwaje-gwajen ma ba a yin sa a nan, sai da aka aika wani wuri muka jira kwanaki.

A mako na bakwai sakamako ya dawo. Likitar ta same ni a baranda ina wanke kwanon Yaya, ta ce in ajiye in zo. Ta tambaye ni sana'armu, na gaya mata. Ta ce, "To za ka gane. Ƙashi ba dutse ba ne, saƙa ce a ciki, sannan aka cika ta da abin da ke sa ta tauri. Akwai wani abu da jiki yake samarwa in ya sarrafa abinci, sunansa homosistin." Sai da ta maimaita mini sau uku, shi ya sa ya zauna mini har yau. Ta ce a jikin kowa akwai shi, amma jiki yana juya shi ya zama wani abu mai amfani, kuma ba ya iya juyawar sai da wasu sinadaran bitamin da ake samu a ganye, wake, ƙwai, hanta da kifi. Giya tana hana hanji ɗaukarsu, tana hana hanta ajiye su, ga shi mai sha ba ya cin abincin kirki. Sai abin ya taru a jini. In ya taru, zaren saƙar ƙashi ba ya kama juna yadda ya kamata, ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa ma suna wahala. Ta ce ba shi kaɗai ne ya yi ɓarnar ba, giyar da kanta tana cin ƙashi tana cin ƙwaƙwalwa, amma homosistin ɗin Yaya ya hau sosai, bitamin ɗin kuma sun yi ƙasa.

Sannan ta cire gilashinta ta ce, "Malam Modu, akwai wasu cututtukan da ke kawo haka. In ka ce ba ya sha, zan bi su ɗaya bayan ɗaya ina nema, kwanaki na tafiya. Ƙashi zan iya sa masa ƙarfe. Ƙwaƙwalwa ba ta da ƙarfe, abin da ya tafi ba lalle ya dawo ba."

Na ce, "Yana sha. Kullum. Na san da shi shekara uku."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi dole masu ba shi abinci su sani, domin in ya koma gida ya koma wa gora, duk aikin banza ne.

Da la'asar na sami Hajja da Yagana a ƙarƙashin dalbejiyar da masu jinya suke shimfiɗa tabarma. Na durƙusa na faɗa, ban yi kwana-kwana ba. Hajja ta ajiye carbinta ta ce, "Na san za a zo nan. Tun kana yaro kake baƙin ciki da shi, Modu. Yana kwance ba ya iya kare kansa, shi ne za ka shafa masa wannan?"

Kafin in yi magana Yagana ta fashe da kuka. Ta ce, "Hajja, gaskiya ya faɗa. Ni nake kwashe ledojin daga aljihunsa in ƙone su kafin yara su gani. Kunya ce ta hana ni faɗa miki."

Ga ranar da na yi shekara uku ina jira ta zo. Na zaci zan ji sanyi a raina. Na ga fuskar Hajja ta tsufa a gabana. Can ta ɗago, ba Yagana ta kalla ba, ni ta kalla.

"Tun yaushe ka sani?"

"Shekara uku, Hajja."

"Ita kunyar miji ta hana ta. Kai me kake jira?"

Ta san amsar, ni ma na sani. Ta naɗe tabarmarta ta shiga wurin ɗanta, kuma ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba.

A ranar da na faɗa wa likita gaskiya aka fara yi masa allurai da ƙwayoyin bitamin, mako na takwas aka yi aikin aka sa ƙarfen da Kawu yake tsoro. Kawun kuwa tun da maganar giya ta fito ya rage zuwa, kuma har yau bai ce mini in yafe masa zancen sammu ba. Ma'aikatan jinya wasu kamar 'yan'uwa, wasu sai ka kira sau biyar kafin su ɗago kai daga waya. Na gode wa na farkon, na biyun kuma Allah ya shirye su. Yagana ta koma dafa zogale, alayyahu, wake da kifi, Yaya yana ture kwano yana cewa shi ba akuya ba ne. Sau biyu ya kama hannuna ya ce, "Modu, je shago ka ɗauko mini ruwana." Na ce na zubar. Ya zage ni tas, bayan ɗan lokaci ya manta ya sake tambaya.

Wata na huɗu ya taka da sanda. Da aka sake gwajin, likita ta ce homosistin ɗin ya sauka, ƙashi yana kamawa a hankali. Tururuwar ƙafa ta ragu. Sunayenmu duk sun dawo masa, yana tuna abin da aka yi muna yara har da launin rigar Baba. Amma abin da aka yi da safe, kafin azahar ya zube. Kuma inda ya manta, sai kansa ya cike gurbin da labari, ya ba ka shi da zuciya ɗaya, ba ƙarya yake yi ba. Na tambayi likita ko da an zo da wuri da abin bai kai haka ba. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba, amma shekara uku ba kwana uku ba ne.

Don haka ga abin da zan ce wa mai karatu. In naka yana sha, kada ka jira ya faɗi. In ƙafarsa ta fara tururuwa, in mantuwa ta fara, in ƙaramar faɗuwa ta karya shi, ku tafi asibiti, kuma in likita ya tambaya ku faɗi gaskiya ko a gaban wa. In ya daina sha farat ɗaya ya kama karkarwa da gane-gane, wannan ma na asibiti ne. Kuma ka binciki shirunka da kyau, ka ga ko rufin asiri ne ko wani abu ne ya saka rigarsa.

Yanzu kullum da safe ina ɗauko Yaya a keke in kawo shi shago, ya zauna a kujerarsa da biro a hannu. Mun gwada, hannun yana rawa, zanen yana tafiya rabi ya manta inda ya dosa. Masu hula kuma ba za su jira ba. Saboda haka ni nake zanawa, a teburinsa, shi yana gefe yana ba ni labarin Baba. Biron da na yi shekara ashirin ina kwaɗayi ya zo hannuna, babu wanda ya hana ni.

Juma'ar da ta wuce aka kawo wata hula daga wurin masu ɗinki, shuɗi da ruwan toka, na fi mako ina fama da zanenta. Tun ban wanke ta ba muka tafi da ita gidan Hajja cin abincin rana. Yaya ne ya riƙe ta a hanya, shi ya miƙa mata. Ta karɓa, ta juya ta baya kamar yadda ta saba, ta kai ta kusa da idonta, ta bi da yatsa tana neman inda zanen ya haɗu. Ba ta samu ba. Sai hawaye.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Hannun Kyari ya dawo."

Yaya ya washe baki. Ya fara ba ta labarin yadda ya zana ta, wai da ya zo wajen baya sai da ya sake sau biyu, wai shuɗin ma shi ya zaɓa. Ya yarda da kowace kalma. Yagana ta ɗago ta kalle ni, ta buɗe baki, na girgiza mata kai. Wallahi ji na yi kamar in fizge hular in ce tawa ce, ni na zana, ki kalle ni sau ɗaya! Kishin nan bai je ko'ina ba, yana nan da ƙarfinsa. Amma na kalli Yaya yana dariya da sandarsa a gefe, na tuna gorar da na mayar bayan yadi.

Hajja ta juyo ta ce, "Modu, ba ka ce komai ba. Ba ka ga aikin yayanka ba?"

Na ce, "Na gani, Hajja. Ya dawo."

Ta ce, "To ka wanke masa ita da kyau."

Na ce to.